Abin da lokotoro yake dubawa cikin ido

Ɗan'uwa mai karatu, gajiya da jiri suka kai ka likita, sai lokotoro ya haska idonka da ƴar fitila. Don mi? To, saurara.

Can bayan ido akwai jijiyoyin jini sirara. Babu wurin da ake ganin su sarai kamar nan, ba tare da an yanka mutum ba.

Jini kuwa ba ruwa ba ne zalla. Akwai ƙwayoyi cikinsa, jajaye da farare. Ɗigon jini da bai kai ƙwayar gero ba yana ɗauke da jajaye wajen miliyan 5. Farare ba su kai haka ba, dubbai ne kawai. Wasu jijiyoyin ido, saboda ƙanƙanta, sai dai jajayen su wuce ɗaya bayan ɗaya.

In ƙwayoyin sun yi yawa ainun, jini ya yi kauri, jijiyoyin su kumbura, su lanƙwashe. In jajayen sun ragu sosai, nan ma sukan yi faɗi, har su tsiyaye. Wannan na biyun shi ya fi damun mu, saboda masassarar sauro da tsutsar ciki da yawan haifuwa.

Kai ma kana iya dubawa. Ja fatar idon ɗanka ƙasa kaɗan, cikin hasken rana. In ka ga ja, madalla. In ta yi fari fat, kada ka kira wanzami ya yi masa ƙaho, jinin da ya rage zai ɗiba. Kai shi likita a auna jininsa.