Yawan Rubutu ko Yawan Amfani: Da Me Ake Auna Mai Binciken Sankarar Mama?

Bernard Fisher, likitan tiyata na Jami'ar Pittsburgh da ke Amurka, ya rasu a watan Oktoba na 2019 yana da shekara 101. Ya bar maƙalolin kimiyya sama da 600, mafi yawansu a kan sankarar mama. A duniyar masu bincike, da irin wannan adadi ake fara gabatar da mutum: maƙala nawa ya wallafa, kuma sau nawa wasu masana suka kafa hujja da shi a nasu rubutun. Jami'o'i na duba waɗannan alƙaluma wajen ƙarin girma, masu ba da kuɗin bincike ma haka. Tarihin Fisher ya nuna abin da wannan ƙidaya take iya faɗa mana, da kuma inda take tsayawa.

Tsarin bai da wuyar fahimta. Duk mai bincike da ya rubuta maƙala yana jera ayyukan da ya dogara da su a ƙarshenta, kamar yadda almajiri yake cewa "in ji Malam wane" idan zai kawo mas'ala a zaure. Kowane irin wannan ambato maki ɗaya ne ga wanda aka ambata. Eugene Garfield ne ya mayar da tattara su sana'a, da kundin da ya fara fitarwa a 1964, Science Citation Index. A 2004 Scopus da Google Scholar suka bayyana, ƙidayar ta zo hannun kowa a intanet. A 2005 kuma wani masanin fiziks, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin da ake kira "h". Idan aka ce ma'aunin mutum 40 ne, ana nufin yana da maƙaloli 40 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Hikimarsa ita ce tarin rubutun da ba wanda ya waiwaya ba ya ɗaga mutum, haka ma maƙala guda da ta yi tashe.

To me Fisher ya rubuta da har masana suka kasa wuce shi? Tun 1894, lokacin da William Halsted na asibitin Johns Hopkins ya wallafa sakamakon tiyatarsa, likitoci sun ɗauka cewa sankarar mama tana rarrafe ne sannu a hankali daga ƙullutun zuwa naman da ke kewaye. Saboda haka sukan cire maman gaba ɗaya, da tsokar ƙirjin da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hammata. Mace takan fita da ƙirji a rame, sau da yawa da kumburarren hannu har ƙarshen rayuwa. Fisher da ɗan'uwansa Edwin, masanin gwajin tsoka, sun ga abin da ya saɓa wa wannan a ɗakin bincike: ƙwayoyin cutar suna iya shiga jini tun da wuri su tafi nesa. In haka ne, faɗaɗa yanka ba zai ƙara wa mace kwana ba.

Bai tsaya a hasashe ba. Daga 1967 ya jagoranci ƙungiyar asibitoci mai suna NSABP, inda ake raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a zuwa hanyoyin magani daban-daban, a bi su shekara da shekaru. Gwajin da aka fara a 1971 ya nuna cewa tiyatar Halsted ba ta fi cire mama kaɗai tsawaita rai ba. Na 1976 ya ƙara matsawa gaba: aka kwatanta cire mama duka, da cire ƙullutun kawai, da cire ƙullutun a bi shi da gashi, wato haska wurin da inji don kashe ragowar ƙwayoyin cutar. Sakamakon ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 1985. A 2002 aka wallafa abin da ya faru da mata 1,851 bayan shekara 20: babu bambancin a-zo-a-gani a tsawon rai tsakanin rukunan uku. Cutar ta dawo a maman da aka bari ga kusan kashi 39 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa gashi ba, amma kashi 14 kacal ga waɗanda aka yi wa. A Milan ta Italiya, Umberto Veronesi ya sami sakamako mai kama da wannan. A 1990 taron masana da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kira ya amince cewa barin mama shi ne ya fi dacewa ga yawancin matan da aka gano cutarsu da wuri.

A nan ƙidaya ta faɗi gaskiya. An ambaci waɗannan maƙaloli sau dubbai, domin duk wanda zai yi magana a kan tiyatar mama dole ya bi ta kansu. Sai dai a lura, 'yan ƙalilan ne daga cikin ɗari shidan suka sauya aikin likita a ɗakin tiyata, kuma kowacce ta ci shekaru masu yawa kafin ta nuna. Da kwamitin ƙarin girma zai auna Fisher da abin da gwajin 1976 ya haifar a shekara biyar ɗinsa na farko, da bai ga komai ba.

Akwai kuma inda ƙidaya take ɓatarwa. A 1995 wani likita a Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu, Werner Bezwoda, ya wallafa a Journal of Clinical Oncology cewa ɗura wa mace maganin daji mai tsananin ƙarfi, sannan a ceto ɓargonta da dashe, yana tsawaita ran wadda cutarta ta bazu. Masana suka yi ta ambaton aikin, ya ƙarfafa wata hanyar magani mai tsada da azaba wadda dubban mata suka bi a Amurka. A 2000 masu bin diddigi suka je suka duba takardun marasa lafiyarsa, suka tarar bayanan ba su inganta ba. Jami'a ta sallame shi, mujallar ta janye maƙalar a 2001. Duk ambaton da aka yi mata kafin nan yana cikin lissafi, domin kwamfuta ba ta bambanta wanda ya ambace ka don ya gaskata ka da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka.

Shi kansa Fisher ya sha irin wannan jarrabawa. A 1994 ta bayyana cewa wani likita a Montreal ta Kanada ya sauya bayanan wasu marasa lafiya da ya shigar cikin gwaje-gwajen NSABP. Aka sauke Fisher daga shugabanci. Da aka cire bayanan wancan asibiti aka sake lissafi, sakamakon bai canja ba, kuma a 1997 hukumar da ke binciken maguɗi a kimiyya ta wanke shi. Abin da ya tabbatar da aikinsa shi ne ya jure sake dubawa. Irin wannan gazawa ta ƙidaya ce ta sa a 2012 wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Francisco, suna kira da a daina auna mai bincike da sunan mujallar da ya wallafa a ciki, a karanta aikin kansa.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Sankarar mama ita ce cutar dajin da ta fi kama mata a Najeriya, kuma yawancinsu sukan isa asibiti bayan ta yi nisa. Binciken Fisher yana amfani ne ga macen da aka gano ƙullutunta yana ƙarami, kuma take da injin gashi da za ta iya kaiwa gare shi. A ƙasar da irin waɗannan injuna ƙalilan ne, likita kan koma ga cire mama duka ko da ya haddace maƙalar 1985. Ambato dubu a mujallu bai kawo injin ko ɗaya ba.

Ƙari a kan haka, binciken da aka yi a kan matan Amurka da Turai ba ya amsa duk tambayoyinmu. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta karanta likitanci a Jami'ar Ibadan kuma take aiki a Jami'ar Chicago, ta wallafa tare da abokan aikinta a 2009 wani nazari a kan ɗaruruwan mata a Najeriya da Senegal. Sun gano cewa da yawa daga cikinsu na ɗauke da nau'in cutar da ba ya jin magunguna irin su tamoxifen. Ma'anar wannan ga likita a Kano ko Zinder a fili take: a gwada tsokar da aka cire kafin a rubuta magani, kada a ɗora kowa a kan abu guda.

Malamin jami'a a Najeriya ya san cewa ba ya zama farfesa sai ya tara maƙaloli, kuma wannan matsi ne yake tura wasu ga mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tantancewa ba. Ba laifi ba ne a ƙirga, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Ya kamata kwamitocin ƙarin girma su nemi kowane malami ya kawo ayyukansa uku ko huɗu da ya fi alfahari da su, a karanta su, a tambaye shi wace tambaya suka amsa, kuma me ya canja ga mara lafiya saboda su. Likitan da ya shafe shekara goma yana riƙe da rajistar masu cutar daji a jiharsa, yana bin kowace mace don ya san me ya same ta bayan magani, ƙila maƙala biyu kawai zai fitar. Irin wannan aiki ne zai gaya mana dalilin da matanmu ke zuwa a makare da kuma maganin da ke yi musu aiki, don haka shi ya cancanci kuɗin bincike da ƙarin girma kafin tarin takardun da ba wanda zai buɗe.