Ɗana Ya Matsa Sai Ya Shiga Ajin Ƙera Shafin Intanet

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito daga wani Alhaji mai sayar da hatsi a ƙasar Bichi. Ya ce wani matashi ya gama karatu ya dawo gida, ya kama shago ya sa kwamfuta shida, yana tara 'yan sakandare bayan an tashi daga makaranta, wai yana koya musu ƙera shafin intanet. Ɗansa mai shekara 15 ya matsa sai ya shiga, alhali kuwa lokacin ne yake tsare masa rumfa. Alhaji na tambaya, shin mene ne wannan abu, kuma ba hanyar zama ɗan damfara ba ce?

To Alhaji, mun gode da wasiƙarka. Shafin intanet dai kamar rumfa ce wadda ba a rufewa dare da rana. Tana da adireshinta, duk mai waya ko kwamfuta in ya rubuta adireshin sai ya ga abin da aka baje, ko yana Legas ko yana Makka. Wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙago tsarin a 1989 sa'ad da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, aka buɗe wa duniya a 1991.

Ƙera shafin kuwa kamar gini ne. Akwai rubutun da ake kira HTML, shi ne tubali, da shi ake cewa nan kanu, nan hoto, nan jerin kaya. Sai CSS, watau yaɓe da fenti, shi ke ba da launi da girman baƙi. Na uku JavaScript, shi ke sa abu ya motsa in an taɓa, amma wannan sai an yi nisa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, koyon na farko da na biyu ba ya bukatar intanet ko kaɗan. Yaro zai rubuta a Notepad da ke cikin kwamfutar, ya ajiye, ya buɗe ya ga aikinsa nan take. Saboda haka in tun makon farko malami ya ce kullum a zo da kuɗin data, ka tambaye shi na mene ne.

Yanzu ga yadda aji na ƙwarai yake tafiya, don na san cikin masu sauraro akwai matasa masu niyyar buɗe irinsa. Kwamfuta shida, yara goma sha biyu ke nan, biyu-biyu, ɗaya na bugawa ɗaya na duba masa kuskure, su riƙa canji. In suka kai talatin a kan shida, to ba koyo ake yi ba, kallo ne. Tun muna kwalejin horon malamai aka gaya mana abin da hannu bai taɓa ba ba ya zama a ka, kuma ban ga inda maganar ta fi gaskiya kamar nan ba. Kwana biyu ko uku a mako, awa ɗaya da rabi, ya isa. A zauna da iyaye da malaman Islamiyya a tsai da lokaci, a tashi kafin magariba, a ware wa 'yan mata nasu lokacin, da damina kuma a sassauta don aikin gona. Batun wuta, ƙaramar kwamfuta mai batir da ɗan faifan sola sun fi janareto, don man janareto shi ke cinye kuɗin makaranta har ajin ya mutu.

Amma babban abin shi ne aikin da ake ba yara. Malamin da ya san abin da yake yi, da zarar sun iya harhaɗa shafi, sai ya tura su cikin gari, waɗannan wajen tela, waɗancan wajen mai sayar da taki da iri. Su gaishe shi, su tambayi kayansa da farashi, su ɗauki hoto da izininsa, su dawo su ƙera masa shafi. A nan za su gane cewa hoto mai nauyi yana cinye datar mai dubawa, dole a rage shi. A nan za su ga shafin da ya yi kyau a kwamfuta ya karkace a waya, alhali yawancin mutanenmu da waya suke dubawa. A nan kuma za su ci karo da ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun zama wasu alamomi, sai malami ya nuna musu layin da ake sa UTF-8 don baƙaƙenmu su fito daidai.

Kada in ɓoye maka, Alhaji, ba kowane ɗan kasuwa ke bukatar shafi ba. Cinikin mutanenmu da yawa a WhatsApp da Facebook yake ƙarewa. Fitar da shafi duniya ta gani ma da kuɗinsa, ana biyan kuɗin suna shekara-shekara, irin mai ƙarewa da .ng wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, sannan ga hayar ma'ajiya. Masu hulɗa da baƙi na nesa, kamar dillalan riɗi da zoɓo a Dawanau, su abin ya fi yi wa amfani. Don haka kar ka sa rai yaro zai fara kawo kuɗi cikin wata uku. Ribar kusa ita ce hannunsa zai saba da kwamfuta, ka kuwa san tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, yaran karkara da dama kuma ranar ce suke fara taɓa ta.

Maganar damfara, tsoronka yana kan hanya, har doka aka yi a 2015 a kan laifuffukan intanet. Sai dai alamominta daban ne: aikin dare, ƙofa a rufe, hira da baƙi da sunan ƙarya, kuɗi ba tare da an ga aikin da aka yi ba. Ajin da ƙofarsa ke buɗe, uba ya shiga duk sa'ad da ya ga dama, ba shi ba ne.

Shawarata, ka bar shi kwana biyu a mako, ban da ranar kasuwa. Bayan mako shida ka je ba sanarwa, ka ce ya buɗe fili fari a gabanka, ya rubuta sunan rumfarka da farashin buhun masara, ya sa hoto, ya mai da launin kore. In ya yi da hannunsa, ka ci gaba da biya. In kuwa sai dai ya nuna maka wanda malam ya yi, ka ja malamin gefe ku yi magana.

Mai tambaya a kan rumbun ajiyar albasa, ka saurare mu mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.