Ciwon tabon huhu: sauƙaƙa wa mara lafiya da kula da mai jinyarsa

Mi ne ne wannan ciwo?

Huhun mai lafiya yana da taushi kamar soso. Yana buɗewa idan an shaƙi iska, ya koma idan an fitar da ita. A ciwon tabon huhu, naman huhu yana yin tabo, ya yi kauri, ya ƙandare, sai iska ta kasa shiga jini yadda ya kamata. A takardar likita za ku ga sunansa da Faransanci: fibrose pulmonaire. Alamominsa su ne busasshen tari mai daɗewa, haki ko da tafiya kaɗan aka yi, gajiya da rama.

Mi ke kawo shi?

Wani lokaci ba a gano dalili, musamman ga waɗanda suka wuce shekara 50. Amma akwai sanannun dalilai. Na farko shi ne ƙurar dutse. Masu fasa dutse da masu haƙar zinariya, kamar na Komabangu ko na Jado inda aka fara tururuwa a shekarar 2014, suna shaƙar ƙura mai laushi wadda ke maƙalewa cikin huhu. Ciwon yana iya bayyana shekaru bayan mutum ya bar aikin. Daɗewa cikin ƙurar tattabaru ko ta ruɓaɓɓiyar harawa ma yana kawo shi. Tarin fuka kuma yana barin tabo bayan an warke.

Tabon huhu ba ya yaɗuwa. Kuna iya cin abinci kwano ɗaya da mara lafiya. Amma tun da alamominsa sun yi kama da na tarin fuka, wajibi ne a gwada majinar ƙirjinsa a gidan likita. Tarin fuka yana warkewa da maganin wata 6, kuma kyauta ake ba da shi.

Yana warkewa?

Tabon da ya riga ya zauna ba ya gogewa. Akwai magunguna kamar pirfenidone da nintedanib, waɗanda Amurka ta amince da su a shekarar 2014. Suna rage saurin ciwon, amma ba su warkar da shi, kuma suna da tsada. Saboda haka kada ku sayar da gona ko bisashe don wani ya yi muku alkawarin waraka. Abin da ke hannunku shi ne jinyar sauƙaƙawa: rage wahalar numfashi, da tari, da tsoro. A shekarar 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi ƙasashe su sa wannan jinya cikin aikin lafiya na kullum.

Idan numfashi ya tsananta

1. Ku zaunar da shi, ya ɗan sunkuya gaba, ya ɗora hannuwansa bisa gwiwoyi ko bisa matashi.
2. Ku buɗe ƙofa da taga, ku yi masa fifita daidai fuska. Iska mai sanyi a fuska tana rage jin shaƙewa.
3. Ya shaƙi iska ta hanci, ya fitar da ita sannu ta baki, kamar mai hura kunu.
4. Ku rage taron jama'a. Mutum ɗaya ya zauna kusa, ya yi masa magana a natse, domin tsoro yana ƙara haki.

Kiyayewa ta kullum

Ku nisanta shi da hayaƙin murhu, da taba, da turaren wuta, da maganin sauro mai hayaƙi. Ya kwana cikin gidan sauro. Ku yayyafa ruwa kafin shara. Lokacin hunturu da hazo, ya rufe hanci da baki idan zai fita. Ku ba shi abinci kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini, domin cikakken ciki yana takura numfashi. Ya yi wanka a zaune bisa kujera. Ya riƙa ɗan takawa kullum yana hutawa, saboda yawan kwanciya yana kashe jiki. Addini ya yarda mara lafiya ya yi salla a zaune.

Kada ku sayi tramol ko maganin tari wurin masu talla. Idan haki ya yi tsanani, likita yana iya rubuta morfin kaɗan, a sha daidai yadda ya ce. Idan an ba da iskar oksijan, kada wuta ko taba su kusance ta.

Ku kai shi gidan likita nan take idan haki ya ƙaru cikin ƴan kwanaki, ko zazzaɓi ya zo, ko ya yi tarin jini, ko leɓɓansa da harshensa suka sauya launi.

Mai jinya ma yana bukatar kulawa

Sau da yawa matar gida ko ɗiya ce ke ɗauke da jinyar, dare da rana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zauna a matsayin iyali ku raba aiki: wannan ya kwana da shi, wancan ya ɗebo ruwa, wani ya nemo kuɗin mota da na magani. Mai jinya ta samu barci, ta ci abinci, ta fita ta ga ƴan'uwa. Idan kun ga tana yawan kuka ko ta daina barci, ku karɓe ta, ku sanar da ma'aikacin lafiya.

Ku saurari mara lafiya kansa. Idan ya tambayi gaskiyar halin da yake ciki, ku faɗa masa cikin taushin harshe. Ku tambaye shi inda ya fi son a yi jinyarsa, gida ko asibiti. Ku ba shi dama ya yi wasiyya, ya faɗi bashin da ke kansa, ya ga waɗanda yake son gani tun yana da ƙarfin magana.