Yadda Na'urorin MRI da PET Ke Bambance Nau'o'in Cutar Mantuwa

Da yawa daga cikinmu na ɗauka cutar mantuwa ta tsofaffi ce kawai. Amma matar da likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya fara nazari a kanta a 1901 shekarunta 51. Idan cutar ta kama mutum kafin ya cika 65, likitoci na kiranta mantuwa mai saurin zuwa, kuma sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin ciwon damuwa ko taɓin hankali.

Mantuwar kuma iri-iri ce. Akwai Alzheimer, akwai FTD mai taɓa gaban ƙwaƙwalwa, akwai ta Lewy, akwai wadda toshewar jijiyoyin jini ke kawowa. A farko alamominsu na iya yin kama da juna. A nan ne hoton ƙwaƙwalwa ke shigowa.

MRI: ina ne ya motse?

Wannan na'ura tana amfani da maganaɗisu mai ƙarfi wajen nuna surar ƙwaƙwalwa. A Alzheimer, wurin da ke ajiye sababbin abubuwan da aka koya, wato hippocampus, shi ya fi motsewa, kodayake ga masu ƙarancin shekaru motsewar kan fi bayyana ta sama da bayan ƙwaƙwalwa. A FTD kuwa gefen goshi da na kunne ne ke lalacewa, shi ya sa hali ko magana ke fara canzawa tun kafin mantuwa. Idan jijiyoyin jini ne, za a ga tabon ƙananan bugun jini.

PET: ina ne aiki ya ragu?

MRI kamar duba jikin waya ne, PET kuma kamar duba manhajar da ke cin batir. Ana yi wa mutum allurar sinadari mai kama da sukari wanda ke fitar da ɗan haske, sai na'urar ta nuna sassan da suka rage cin sukarin. Akwai kuma PET mai gano amyloid, furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai Alzheimer. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da sinadarin Amyvid don wannan aiki a 2012. Idan ba a ga amyloid ba, da wuya a ce Alzheimer ce.

Ga nau'in Lewy kuma ana amfani da DaTscan, mai nuna raguwar sassan da ke aiki da dopamine. Ɗan wasan barkwanci Robin Williams ya mutu a 2014 yana da shekara 63, sai bayan mutuwarsa bincike ya gano wannan nau'in ne ke damunsa.

Me ya sa bambancewar ke da muhimmanci?

Saboda magani. Donepezil na taimaka wa mai Alzheimer, amma ba ya yi wa mai FTD amfani, yana ma iya ƙara rikita halinsa. Wasu magungunan taɓin hankali, irin su haloperidol, na da haɗari sosai ga mai Lewy. Sabon maganin Leqembi kuwa ba a bayar da shi sai an tabbatar da amyloid.

Sai dai hoto kaɗai ba ya yanke hukunci. Likita zai haɗa shi da gwajin tunani, gwajin jini da bayanin iyali. Don haka idan ka ga halin wani babba a gida ya sauya, ko yana rasa kalmomi, kada a tsaya kan zargin sammu ko tsufa. A kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da wuri.