Garka mai sauƙin aiki

Bayan farin shekarar 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta kira talakawa zuwa noman rani. Har yau garake na nan bakin kogi a Yamai, wajen Gamkalle da Yantala.

Ɗan uwa, kai ma kana iyawa, ko a bayan gida. Fara da fangali 2. Zuba ruɓaɓɓen takin bisashe, don ɗanye yana ƙone shuka. Alayyafo, wata 1 ka fara yanka. Kuɓewa, wata 2 ta fara ƴaƴa. Zogala kuwa, reshe kake kafawa, ya yi shekaru yana ba da ganye.

Rufe gindin shuka da ciyawa, ban ruwa ya ragu. Yi shinge saboda awaki.

Kuɗin miya su tsaya aljihunka, yara su samu ganye har bazara.