Sawun da Ya Zama Dutse

Jama'a, maharbin Ƙaraye ko na Rogo idan ya ga sawu a bakin rafi yakan ce wannan na gada ne, wancan na kura. Masanin duwatsu bai sami wannan gata ba, domin mai sawun ya daɗe da ƙarewa. A Ƙaraye ma ba abin da zai gani, don duwatsunta zafi da matsi ne suka ƙera su, ba sa riƙe sawu. Sai ya nufi ƙasar Sakkwato, wajen Taloka kusa da Goronyo, inda teku ta kwanta shekaru wajen miliyan 70 da suka shige, can zai tarar da ramukan halittu marasa ƙashin baya sun daskare.

Turawan ƙarni na 19 sun zaci irin waɗannan alamu ciyawar teku ce, suka jefa su ajin tsirrai. A 1881 Nathorst, mutumin Suwidin, ya nuna cewa tsutsotsi da ƙananan halittun ruwa na barin zane irin wannan a kan taɓo. Aka mayar da su ajin dabbobi, amma sunayen suka zauna. Abin da ya fi jan hankalina ke nan a matsayina na malamin harshe: Rusophycus makwancin dabba ne, alhali wutsiyar sunan a Girkanci ciyawar teku take nufi.

A 1953 Seilacher, Bajamushe, ya kasa su bisa aikin da dabbar ke yi, wato kwanciya, tafiya, kiwo ko gina gida. Dalili kuwa, halitta ɗaya takan bar sawu iri-iri, halittu dabam-dabam kuma su haƙa rami iri ɗaya.