Ƙarin Laka A Jikin Yara: Jinkiri Shi Ne Babban Haɗari

A unguwa mai yawan jama'a kamar Rigasa, idan ƙafafun yaro suka soma mutuwa, akan ce shan inna ne ko kuwa iska. Amma tun 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Nijeriya, saboda haka wajibi ne a binciki waɗansu dalilai.

Ɗaya daga cikinsu shi ne ƙarin da ke tsirowa cikin laka ko gefenta, wanda ba kasafai ake samunsa ba. Alamominsa su ne ciwon baya mai tsananta da dare, da yawan tuntuɓe, da sakin fitsari ga yaron da ya riga ya daina.

Tarin fuka na ƙashin baya kan zo da irin waɗannan alamomi, haka nan ciwon dajin da Dakta Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda cikin 1958. Hoton MRI da gwajin tsoka su ke rarrabewa, sa'an nan likitoci su zaɓi tiyata, ko magani, ko gashi, a manyan asibitoci irin na Shika, kusa da Zariya.

Ya kamata iyaye su gaggauta, domin lakar da ta daɗe a danne ba ta cika farfaɗowa ba.